Kwana Tara da Na Yi Shiru

Na yi aikin unguwar zoma shekara talatin da wani abu. Na karɓi haihuwar da ban san adadinta ba, na ga rai ya zo, na ga rai ya tafi, da yawa kuma sun shige mani, ko an tuna mani sai na yi ta lalube. Amma akwai abin da ya faru a kakar wata shekara, a wani ƙauye da ke tsakanin Faskari da Sabuwa, wanda har ranar da za a sa ni cikin ƙasa ba zan manta da shi ba. Yanzu furfura ta gama cinye mani kai, amma duk sa'ad da ya faɗo mani a rai sai in ji zuciyata tana tafasa kamar jiya aka yi.

Zamanin nan ne da kuɗin man fetur suka ɓarke wa ƙasa. Ko'ina ka duba kwangila ce. Ana zuba kwalta, ana kafa azuzuwan firamare na bulo da kwano, samari na dawowa daga Kaduna da rediyo mai kaset a kafaɗa da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa. Mu ma an gina mana ɗakin shan magani mai ciki biyu, an shafe shi da farin fenti. Mu biyu ne ma'aikatan wurin. Akwai malamin asibiti, dattijo mai kirki amma mai gudun magana, sai ni, 'yar shekara ashirin da huɗu, ban daɗe da gama koyon aiki a Funtuwa ba, ina ganin babu abin da zai gagare ni.

Rigimar kan gona ta fara. Shanu suka shiga audugar wani manomi, aka yi sa-in-sa, aka sari makiyayi. Kafin kwana uku an ƙone ruga guda, makiyayan su ma suka dawo suka rama a kan wasu unguwanni biyu na Maguzawa da ke bakin daji. Rumbuna cike da sabuwar dawa suka ƙone ƙurmus. Wa ya fara, wa ya fi laifi, har yau in ka tambayi mutum biyu amsa biyu za ka ji, kuma ba shi ne labarina ba. Abin da na sani shi ne mutanen unguwannin nan sun kwararo cikin gari da abin da hannu ya iya ɗauka, aka zuba su a sabuwar makarantar firamare, mata da yara a azuzuwa uku, maza a ɗaya.

Makarantar nan gwanin kyau daga nesa, amma wanda ya gina ta bai haƙa rijiya ba, bai yi masai ko ɗaya ba. Rijiyoyin cikin gari kuwa masu gida suka fara ɗaure fuska, wasu ma suka ce ba su yarda arna su zura masu guga ba. Saboda haka dole matan su riƙa zuwa rafi, tafiya mai ɗan nisa, ta cikin gonakin dawa da ba a kai ga yankewa ba, karan ya fi tsawon mutum.

Mai gari ya tara majiya ƙarfi, mafarauta da 'yan tauri, ya ce su tsare gari da hanyar rafi. Ya ɗora masu ɗan ƙanensa, wani dogo da ya yi soja lokacin yaƙin basasa aka sallamo shi, yana yawo a kan sabon babur da adda a ɗaure a baya. Gari ke ciyar da su. Kowane gida na fitar da tuwo. Ni kaina na sha dama masu kunu in aika, ina sa masu albarka.

Cikin waɗanda muka kwantar akwai wani Bamaguje da aka sara a cinya ranar da aka ƙone unguwarsu. Matarsa ke jinyarsa, mace mai kamar shekara talatin da biyar, uwar 'ya'ya huɗu, kakkaura, irin matan nan da ke noma gandu su noma gayauna a yini guda. Tana da fara'a, kullum sai ta tsokane ni wai hannuna bai taɓa riƙe fartanya ba. Wata rana da hantsi sai ga ta ta shigo ta ƙofar baya, ba tulu, ba gammo, zanenta duk ƙasa, leɓenta a fashe. Na ce me ya same ki. Ta ce faɗuwa ta yi a rafi.

Na ja ta ciki na rufe ƙofa. Da na zo sa mata aidin na ga shatin yatsu a wuyanta, na ga ƙujewa a bayanta da gwiwar hannunta, na ga yadda take kasa zama. Wanda ya faɗi a rafi ba haka jikinsa ke yi ba. Na dafa ruwa na gasa ta, na yi mata abin da ya kamata har ta ɗan natsu. Sannan na ce a hankali, "Yaya, Fulani ne suka tare ki?"

Ta ɗago ta dube ni. Ba kuka take ba, idonta a bushe yake. Ta ce, "Ba Fulani ba ne, Malama. Naku ne. Mai babur ɗin ga, da wani gajere mai laya a damtse. Gajeren da ya riƙe ni ma na san uwarshi, tare muke cin kasuwa."

Fyaɗe suka yi mata, da rana tsaka, a cikin dawa, a hanyar da aka ce suna tsarewa.

Ta kama mani hannu ta ce kada mijinta ya ji, yana kwance a ɗayan cikin, bango kaɗai ya raba mu. Ta ce, "Amma ki gaya ma manya. Akwai 'yan mata cikin makarantar ga, su ma rafin suke zuwa." Ku lura da wannan. Ita da abin ya sama, a ranar, tunanin wasu take. Ba ta ce in yi shiru ba. Cewa ta yi in faɗa.

Na sami malamin asibiti na gaya mashi. Ya cire hula ya share zufa ya mayar, ya ce wannan ta fi ƙarfinmu, sai mai gari. Bayan la'asar na sa mayafi na tafi. Na durƙusa a zaure na ce ina da magana ta sirri, ya sallami fadawa. Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi, bai nuna mamaki ba ko kaɗan. Wannan rashin mamakin sai daga baya na gane ma'anarsa.

Ya ce, "Ɗiyata, to me kike so a yi?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, a kama su."

Ya ce, "A kama su, sauran su yi fushi su watse, wa zai tsare garin? Ke? Nan da kwana goma wakilin hakimi zai zo a yi sulhu da Fulani. In maganar ga ta fita kafin nan, komai ya lalace, jini za a ƙara zubarwa. Ki bari a gama, ni zan ja mashi kunne. Kuma ki tuna matar aure ce. In kika tona, ita kika tona ma asiri. Rufa mata muke."

Na fito zauren nan ina ganin dattijo ya yi magana ta hankali. Wallahi haka na gani a lokacin. Na koma asibiti na buɗe littafin da muke rubuta marasa lafiya, a gaban sunanta na rubuta "faɗuwa". Da hannuna, da birona.

Rufin asiri! Kalmar nan na daɗe ina juya ta a raina. Asirin wa aka rufa? Ita dai tana zaune gefen gadon mijinta, ta daina cin abinci, ta daina tsokanar kowa, in ta ji ƙarar babur sai ta zabura kamar an tsikare ta. Shi kuwa mai babur kullum sai ya wuce ta ƙofar asibiti, ya ɗaga mani hannu ya ce, "Malama, ina gajiya?" Ni kuma in amsa. Kwana tara ina amsa gaisuwar mutumin nan. Ba a ja mashi kunne ba, ba a ɗauke shi daga hanyar rafi ba, ko tuwon da ake kai masu ba a rage ba. Abin da na iya yi kawai shi ne na riƙa ce wa matan makaranta su tafi rafi su da yawa, ban gaya masu dalili ba. Mai goyo da mai girki da mai jinya kuwa ba kullum take samun abokiyar tafiya ba.

Rana ta tara, wajen azahar, wasu mata biyu masu itace suka shigo da wata a kan amalanke. Da aka yaye mata zane daga fuska sai na gane ta. Bafulatana ce da ke kawo mani nono tun zuwana garin. Rugarsu tana can wani gefe, ba ruwansu da faɗan. Jin an ce za a yi sulhu ya sa ta ɗauko ƙwaryarta ta nufo gari, don sun kwana biyu ba su sami hatsi ba. Ni nake duba cikinta, wata biyar ne, na fari bayan shekara shida tana nema. A hanyar rafin nan suka tare ta. Da ta yi kokawa suka tattake ta.

Mun yi iya yinmu, ni da malamin asibiti. Ita ta rayu. Cikin bai tsaya ba.

Da ta farfaɗo ta gane ni, abin da ta fara cewa shi ne, "Ƙawa, an fasa mani ƙwarya." Na fita bayan asibiti na tsuguna na yi kuka irin wanda ban taɓa yi ba. Ba kukan tausayi ba ne, na baƙin ciki ne. Ina jin haushin mai gari, ina jin haushin 'yan iskan nan, amma wadda na fi jin haushi ita ce ni. Na sani. Tun kwana tara na san wane ne, na san a ina, na san ba zai daina ba.

Ina nan tsugune sai na ji mutum a kaina. Matar Bamagujen nan ce. Ta ce, "Malama, kin gaya ma manyan?" Na ce na gaya masu. Ta ce, "Suka ce me?" Ta dubi fuskata. Ta gyaɗa kai ta ce, "To ni zan faɗa da bakina. Gobe ne taron, ko?"

Na ce mijinki fa. Ta ce, "Na gaya mashi shekaranjiya. Ya kwana bai yi magana ba. Da safe ya ce in ɗebo mashi ruwa ya wanke fuska, ya ce ba ni na yi abin kunya ba."

Na koma na tambayi Bafulatanar ko ta yarda a ambaci abin da ya same ta. Ta ce a faɗa, amma kada a kira sunanta ko na rugarsu, don in 'yan'uwanta suka ji a bakin taro, kibau za su ɗauko. Na yi mata alkawari, na kuma cika.

Daga nan muka tafi makaranta, ni da matar Bamagujen. Akwai wata tsohuwa cikin matan wurin mai yin daddawa, kowa Iya yake ce mata, in ta yi magana ko maza ba su musawa. Ta tara matan a aji guda, aka kori yara waje, aka rufe tagogi. Matar Bamagujen ta miƙe ta faɗi abin da aka yi mata, ba ta rage komai ba. Can sai wata daga lungu ta fashe da kuka ta ce ita ma. Sai wata ta ce ɗiyarta ce, shi ya sa yarinyar ta kwana huɗu tana cewa zazzaɓi take. Kowace ta ɗauka ita kaɗai ce, kowace ta haɗiye abinta. Sannan Iya ta ce, "Gobe kowa ta ɗauko tulunta. Kada wadda ta zuba mashi ruwa."

Washegari da hantsi aka yi taron a gindin wata ƙatuwar ɗorawa da ke bakin kasuwa. Ga wakilin hakimi a kan kujera, ga mai gari, ga arɗo da dattawansa, ga sajan na 'yan sanda da mutanensa biyu, ga limamai. Masu gadi kuma sun jeru a baya da addunansu, mai babur a gaba, ya sha sabuwar riga. Ana cikin yaba masu ne, wai da ba don su ba da gari ya tashi, sai muka iso. Mata sun fi arba'in, kowace da tulu a ka, ba mai magana. Muka ratsa maza har tsakiyar fili, kowace ta sauke tulunta ta kife shi a ƙasa.

Mai gari ya miƙe yana rawar murya ya ce, "Wannan wane irin rashin kunya ne? Nan ba wurin mata ba ne!"

Iya ta ce, "Rafi ne wurinmu, Alhaji, kuma kun hana mu shi."

Wakilin hakimi ya ɗaga hannu ya ce a bar su su yi magana. Matar Bamagujen ta fito. Muryarta ba ta yi rawa ba. Ta nuna mai babur da yatsa, ta nuna gajeren, ta faɗi rana, ta faɗi wuri. Fili ya kaure. Wani daga cikin maza ya ɗaga murya ya ce ai ƙarya take, Bamagujiya ce, burkutu ta sha ta faɗi. Wasu suka yi dariya. Dariya, jama'a! Har yau ina jin ta a kunnena. Mai gari ya juyo ya ce, "Ga malamar asibiti nan. Ke, me kika rubuta a littafinku?"

Ya san abin da na rubuta, shi ya sa ya tambaya. Littafin na hannuna, na zo da shi a cikin mayafi. Na buɗe na ce, "Faɗuwa na rubuta, ranka shi daɗe, kuma ƙarya na rubuta. Na ga jikinta da idona. Ranar na zo zaurenka na gaya maka, ka ce in bari a gama sulhu. Na bari. Jiya an kawo mani wata da suka tattake har ta yi ɓari. Da ban saurare ka ba da cikinta na nan."

Ba wanda ya ƙara dariya. Sai ga mijin matar yana ratso mutane, yana dogara sanda, bandejin cinyarsa ya jiƙe da jini saboda tafiyar da ya yi. Ya zo ya tsaya kusa da matarsa, kafaɗa da kafaɗa, yana kallon mai gari. Tsayuwar nan ta fi duk maganar da muka yi nauyi.

Sajan ya sa aka kama su biyun a nan take. Wakilin hakimi ya ce ba za a rufe sulhu ba sai an gyara maganar ruwa. Cikin mako guda aka haƙa rijiya a harabar makaranta, aka kewaye masai da zana, aka rushe masu gadin aka zaɓi wasu, kuma duk wanda za a sa sai an kawo sunansa gaban Iya da matan, in sun ce a'a an bar shi. Abin da ya gagara wata guda, kwana bakwai ya ɗauka. Ashe ba wuya gare shi ba, ba a dai ga dama ba ne.

Kada ku ɗauka labarin ya ƙare da daɗi. Gajeren an ɗaure shi. Mai babur kuwa bai yi wata uku a tsare ba aka sako shi, wai ba shaida, ga shi kuwa mata huɗu sun je har gaban alƙali sun yi magana. Bayan 'yan shekaru na ji ya zama ɗan kwangila, har ya je Makka. Bafulatanar tana samun sauƙi danginta suka tashi suka yi kudu da shanunsu, ban sake ganinta ba, ban san ko Allah ya ba ta wani cikin ba. Yarinyar nan da aka ce zazzaɓi take, sai da uwarta ta kai ta wajen dangi can gefen Ruwan Godiya saboda bakin mutane. Ni kuma kafin damina ta faɗi aka kawo mani takardar canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye kusa da Mabai, a ƙasar Ƙanƙara, aka ce wai ba na girmama manya.

Matar Bamagujen ita ce ta tsaya. An yi ta nuna ta a kasuwa, an yi ta ƙus-ƙus, amma matan unguwarsu ba su bar ta ita kaɗai ba. In za ta gona da rakiya, in za ta kasuwa da rakiya, in ta yi shiru da yawa sai wata ta kawo surfe ta ce zo ki taya ni. Mijinta kuma bai taɓa canza mata fuska ba. Na lura cewa allurar da na yi mata da ruwan zafin da na gasa ta ba su ne suka tashe ta ba. Mutanen da suka yarda da maganarta suka zauna kusa da ita, su ne suka tashe ta.

Yanzu ƙasarmu ta sake rikicewa fiye da wancan lokacin, makarantu sun sake cika da waɗanda aka koro daga gidajensu, kuma ina jin irin maganganun nan dai a bakin manya: a bari ƙura ta lafa, a rufa mata asiri, kada a ɓata sulhu. Abin da na koya, kuma na koye shi da tsada, shi ne duk zaman lafiyar da sai mace ta haɗiye abin da aka yi mata kafin a same shi, mugu kaɗai ke morarsa. In mace ta zo maku da irin wannan magana, ku yarda da ita, ku yi mata magani, ku tambaye ta abin da take so a yi, sannan ku tashi a ranar, ba gobe ba. Wanda ya ce maku ku jira, ku dube shi cikin ido ku tambaye shi ɗiyar wa ya ware a cuta kafin lokacin da ya ɗiba ya cika.